Harshen Talla da Zaɓen Kamfanin Intanet na Gida

Gabatarwa

Na yi wannan ɗan rubutu ne domin 'yan'uwana ɗalibai masu nazarin harshe, musamman waɗanda suke zaune a wajen makaranta, su uku ko su biyar sun haɗa kuɗi sun kama gida, yanzu kuma suna shawarar jawo intanet wanda kowa zai riƙa amfani da shi. A yau rajistar zangon karatu da intanet ake yin ta, haka biyan kuɗin makaranta da duba sakamakon jarrabawa. Tun bayan kullen cutar korona na 2020 kuma wasu malamai suka saba da ba da lacca ta Zoom ko Google Meet, kuma wanda sabis ɗinsa ya yanke a tsakiyar lacca babu mai maimaita masa. Saboda haka idan aka yi kuskuren zaɓe, kuɗin mutum biyar ne za su tafi, ga kuma karatu da zai samu tangarɗa.

Abin da nake son nunawa shi ne, rabin aikin zaɓen kamfanin intanet aikin mai nazarin harshe ne. Kafin kamfani ya sayar maka da rauta ko ya ja maka waya, magana ya fara sayar maka, a jikin allon talla ko a bakin wakilinsa. Mu kuwa da muke kwana muna tashi a kan ma'anar kalmomi, bai kamata a ce kalma ce ta yi mana wayo ba.

Sunan abin tukuna

Turawa suna kiran irin wannan intanet da wata kalma mai gaɓa biyu, "broadband", wadda ɓangarenta na farko yake nufin faɗi. Kafofin yaɗa labarai na Hausa sukan ce "intanet mai sauri" ko "intanet mai ƙarfi", kuma jama'a suna ganewa. Ni dai a ganina "intanet mai faɗin hanya" ya fi kusa da abin da ake nufi. Ɗauki babbar hanyar Legas zuwa Ibadan ka kwatanta ta da lungun unguwa. Babur ɗaya zai iya sheƙa gudu a lungu idan babu kowa, amma da zarar an ce motoci shida su bi ta nan a lokaci guda, sai kowa ya tsaya. Gidan da mutum biyar suke ciki, kowa da waya, wasu da kwamfuta, faɗin hanya yake nema.

Sauran kalmomin wannan fage tuni Bahaushe ya yi musu hidima ba tare da jiran wani kwamiti ba. Ya ari "sabis", ya mayar da harafin da babu shi a Hausa zuwa "b", sannan ya taƙaita ma'anar ta koma ƙarfin sadarwar da waya take kamawa, shi ya sa ake cewa "babu sabis a ɗakin nan". Ya ari "data", wadda asalinta bayanai take nufi, ya mayar da ita abin saye da ƙarewa kamar kalanzir, har ya ba ta jinsin mace: "datata ta ƙare". "Layi" ya zama katin da ake sa wa waya. "Sauke" da "ɗora" kuwa kalmominmu ne na asali da aka faɗaɗa musu ma'ana, daga kayan jaki zuwa fayil. "Yanar gizo" fassarar aro ce. A 1990 an fitar da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Fagen sadarwa ma yana jiran irin wannan aiki, kuma watakila daga cikin masu karanta wannan mujalla za a sami masu yin sa. A nan zan yi amfani da "rauta" ga akwatin da yake raba intanet a cikin gida, "fayiba" ga wayar da aka yi da zaren gilashi, "turke" ga dogon ƙarfen nan da kamfanonin waya suke kafawa.

Hanyoyin da intanet yake shigowa gida

Wanda ya karanta shawarwarin da ake rubutawa a Ingila ko Amurka kan wannan batu zai ga ana ta maganar tsohuwar wayar tarho ta gida da wayar talabijin. Wannan bai shafe mu sosai ba, kuma dalilin yana cikin tarihi. Lokacin da aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya a 2001, layukan tarho na NITEL a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Gidajen da waya ta shiga 'yan kaɗan ne, don haka lokacin da intanet ya zo, sai ya bi iska. Manyanmu suna ba da labarin shagunan intanet na wancan zamani, inda ake sayen awa ɗaya, rabinta ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne wayoyin ƙarƙashin teku. SAT-3 ta fara aiki a 2002, ta daɗe ita kaɗai. A 2010 Main One da Glo-1 suka shigo, WACS ta biyo baya a 2012, sannan Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas a 2022. Kusan dukkansu a gaɓar Legas suke fitowa, daga nan a ja su zuwa cikin ƙasa. Wannan ne ya sa mazaunin Legas yake da kamfanoni da yawa da zai zaɓa daga ciki, na Ibadan ko Fatakwal ko Abuja yake biye, wanda kuma yake ƙaramin gari sau da yawa zaɓinsa bai wuce kamfanonin wayar salula ba.

Daga unguwa zuwa cikin ɗakinka kuwa, hanya uku ce. Ta farko fayiba, wadda ake jawowa daga sandar titi ko ƙarƙashin ƙasa har cikin gida, saƙo yana tafiya a cikinta a matsayin haske. Kamfanoni irin su ipNX da FiberOne da MTN suna wannan sana'a. Ita ce ta fi tsayawa a kan gudu ɗaya, ruwan sama bai dame ta ba, kaurin bango ma haka. Matsalarta biyu: ba kowane titi ta kai ba, sannan masu aikin hanya da masu haƙa kwata suna yawan tsinka ta. Idan ta tsinke kuwa, babu dabara sai jiran masu gyara.

Ta biyu ita ce ta turke, wato rautar da ake sa wa layi ta kamo 4G ko 5G, irin wadda MTN da Airtel da Glo da Spectranet suke sayarwa. Ita ce mafi sauƙin samu, yau ka saya yau ka fara aiki, idan ka tashi daga gidan ka sa ta a jaka. Amma turken ba naka ba ne kai kaɗai. Duk wanda yake unguwar, da mai kallon ƙwallo da mai kallon fim, daga turke ɗaya kuke sha, don haka abin da ka samu da ƙarfe shida na safe ba shi za ka samu da ƙarfe tara na dare ba. Game da 5G, a watan Disamba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5, MTN da Mafab suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel a 2023. Abin lura a nan shi ne, yadda zangon igiyar rediyo ya yi sama, haka ƙarfinta na ratsa bango yake raguwa. Mai yiwuwa ne 5G ya kama ras a baranda, a ƙuryar ɗaki kuma ya koma 4G.

Ta uku tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga. Taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, alhali tsofaffin taurarin da shagunan intanet na da suke amfani da su suna can nisan kilomita kusan 36,000, shi ya sa amsarsa take dawowa da wuri. Ga wanda yake inda babu fayiba kuma turke ya yi nisa, wannan babbar mafita ce. Ga ɗalibi kuwa, kuɗin faranti da na wata suna da nauyi, farantin yana son sarari buɗaɗɗe ba inuwar bene ko mangwaro ba, mamakon ruwan sama irin na kudu yakan rage masa ƙarfi, kuma yana cin wuta fiye da rauta nesa ba kusa ba. Sama ma takan cika: a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista na wani lokaci a Legas da Abuja saboda cunkoso.

Kalmomin da suke cin kuɗin mutane

Yanzu mu zo kan ainihin darasin. Kalma ta farko da za ka gani a kusan kowane talla ita ce wadda Hausarta take "har zuwa": gudu har zuwa megabit 50 a daƙiƙa. Mun san aikin "har" a nahawunmu, iyaka take nunawa, kuma iyakar sama. Idan aka ce ɗan acaɓa yakan samu har naira dubu goma a rana, kowane Bahaushe ya gane cewa ranar da kasuwa ta yi kyau ake nufi, akwai kuma ranar da zai koma gida da dubu biyu, kuma wanda ya faɗi maganar bai yi ƙarya ba. To haka abin yake a talla. Kamfanin da ya ce "har zuwa 50" ya ba ka 4, bai saɓa wa jimlarsa ba ko kaɗan, domin 4 tana cikin abin da bai wuce 50 ba. Ya yi maka alkawarin rufi, bai ce komai game da daɓe ba.

Me ya sa muke faɗawa wannan rami alhali mun san nahawun? Masanin falsafar harshe Paul Grice ya yi bayanin irin wannan a maƙalarsa da aka buga a 1975. Ya ce masu zance suna tafiya ne a kan zaton haɗin kai: mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana ya faɗi abin da ya dace da bukata, bai rage ba bai ƙara ba. Saboda haka idan aka ambaci 50, sai zuciya ta raya mana cewa ai 50 ɗin ce abin da aka saba samu, in ba haka ba me ya kawo ambatonta? Wannan ma'ana ba ta cikin jimlar, mu ne muka ƙara ta, kuma mai talla ya san za mu ƙara. Idan rigima ta tashi, jimlar za a duba, ba abin da ka raya a ranka ba. Tambayar da ta kamata a yi wa wakilin kamfani ita ce: mene ne mafi ƙarancin gudun da kuka ɗauki alkawari, kuma a ina aka rubuta shi? Yawanci za ka ji ya fara kame-kame, wannan kame-kamen ma amsa ce.

Ƙanwar "har zuwa" ita ce "daga", amma ita a wajen farashi take aiki: daga naira kaza a wata. Wannan iyakar ƙasa ce. Ka lura da yadda aka raba aikin: a wajen gudu an nuna maka mafi yawa, a wajen kuɗi an nuna maka mafi ƙanƙanta, an jera su a allo ɗaya kamar tare suke tafiya, alhali tsarin da yake da wancan gudu ba shi ne mai wannan farashi ba.

Kalma ta biyu ita ce "unlimited", wadda ake fassarawa da "mara iyaka". A Hausa idan muka sa "mara" a gaban suna, mun kore abin gaba ɗaya. Mara kunya ba shi da kunya, mara lafiya ba shi da lafiya, babu wani sharaɗi a ƙasa. A harshen kamfanonin intanet kuwa, korewar ta tsaya ne a kan abu ɗaya tak: ba za a yanke ka ba kafin wata ya cika. Sauran iyakoki suna nan, an tura su ƙarƙashin ɗan tauraron nan da ake ɗigawa a gefen kalma, wanda yake kai ka ga ƙananan rubutu a gindin takarda. A can za ka tarar da abin da suke kira ƙa'idar adalci wajen amfani, wato idan ka sha gigabayit kaza, za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Wani tsarin kuma mara iyaka ne amma da tsakar dare kawai. Wani mara iyaka ne amma an ɗaure gudun tun farko a kan adadi kaɗan. Wani kuma an ƙayyade yawan wayoyin da za su hau.

Bari mu sa lissafi domin abin ya fito fili. A ce, a misali kawai, ƙa'idar ta ce bayan gigabayit 150 gudu zai koma megabit 1. Ku biyar ne a gida, ke nan kowa yana da 30 a wata, wato giga ɗaya a rana. Laccar bidiyo da take jan megabit 2 a daƙiƙa tana cin megabayit 900 a awa ɗaya. Lacca ɗaya ta cinye rabon mutum na yini, ba a yi maganar YouTube da TikTok da sabunta manhajar kwamfuta ba. Kafin ranar 20 ga wata kun faɗa cikin megabit 1, ku biyar kuna rabawa. Da ni aka ba aikin fassara wannan kalma, da "ba a yankewa, amma ana rage gudu" zan rubuta. Na san babu kamfanin da zai biya ni ladan wannan fassara.

Abu na uku harafi ɗaya ne. Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa sanin ɓarnar da harafi ɗaya yake yi: "bari" daban, "ɓari" daban, "kafa" daban, "ƙafa" daban, wanda ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi" ya sauya magana. To a wannan fage ma akwai irin waɗannan tagwaye, ƙaramin b da babban B. Ƙaramin yana nufin bit, babban yana nufin bayit, kuma bit 8 ne suke yin bayit 1. Kamfani yana auna gudu da bit, Mbps, adadin kuma ya fi girma a ido. Fayil ɗin da yake kwamfutarka da datar da kake saye kuwa da bayit ake auna su, MB da GB. Saboda haka duk adadin da ka gani a talla, raba shi gida takwas. Layin megabit 20 yana sauke megabayit 2.5 ne a daƙiƙa idan komai ya tafi daidai. Kundin digiri da aka ɗauki hotonsa mai megabayit 50 zai ɗauki daƙiƙa 20, ba biyu da rabi ba. Na sha ganin ɗalibi yana faɗa da ma'aikacin kamfani a kan an cuce shi, alhali a wannan gaɓar harafi ne bai karanta ba.

Akwai kuma kalma ɗaya mai ma'ana biyu, irin "kai" ɗinmu da take nufin sashen jiki ta kuma nufi wakilin suna. Rauta da yawa suna fitar da sunan Wi-Fi guda biyu, ɗaya da "5G" a ƙarshensa. Wannan 5G ɗin yana nufin zangon gigahaz 5 da rautar take magana da wayarka a cikin gida, ba shi da alaƙa da 5G na turke, wanda yake nufin zubi na biyar na fasahar wayar salula. Mai shago zai iya nuna maka wannan suna ya ce ga 5G nan ka gani da idonka, alhali layin da yake cikin rautar 4G yake kamawa.

Abin da talla ya yi shiru a kansa

A darasin nazarin zance an koya mana cewa abin da aka ƙi faɗa ma abin nazari ne. Adadin da ake bugawa da manyan haruffa na saukewa ne. Na ɗorawa ba kasafai ake ambatonsa ba, kuma a rautar turke yakan zama kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta. Mai kallon fim bai damu ba. Mu kuwa ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya fita aikin tattara bayanai, ya ɗauki muryar masu magana domin nazarin karin sauti ko tsawon wasali a manhajar Praat, ya san ana son sautin da ba a matse ba, irin fayil ɗin WAV, domin saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi. Irin wannan ɗauka, mai bakin sauti biyu a ma'aunin faifan CD, tana cin kimanin megabayit 10 a minti, awa ɗaya ta haura 600. Idan gudun ɗorawa megabit 10 ne, minti 8 ya isa ka adana ta a Google Drive ko ka aika wa malamin da yake duba aikinka. Idan megabit 2 ne, minti 40. Idan an rage ka zuwa megabit 1, awa ɗaya da minti 20, kana addu'a kada a ɗauke wuta. Wanda yake da hirarraki 15 sai ya yi lissafin da kansa. A nan fayiba ta yi wa sauran fintinkau.

Haka nan talla ba ya maganar jinkirin amsa, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Shi ne yake sa ka yi tambaya a lacca, malam ya ji ta bayan ya wuce wurin. Layi zai iya zama mai faɗi amma mai jinkiri.

Gwaji a ɗakinka

Tunda magana ba ta isa ba, sai a koma ga gani, wanda aka ce ya kori ji. Kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka sayi rautar kowane kamfani, ari layinsa ko ka sayi data kaɗan, ka sa a waya, ka zauna a daidai inda teburin karatunka yake, ka buɗe Speedtest ko fast.com. Rubuta abu uku: saukewa, ɗorawa, jinkiri. Yi haka da safe, da rana, da kuma tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare, kwana uku a jere, ka haɗa da ranar da ake buga babban wasan ƙwallo. Adadin daren nan shi ne gaskiyar abin da za ka saya. A gidan da nake zaune, layin da ya fi kowanne gudu da asuba shi ne ya koma na ƙarshe da daddare, kuma wanda yake bene na sama sakamakonsa ya sha bamban da nawa, a gida ɗaya.

Fayiba ba ta gwaduwa kafin a ja ta, don haka sai a tambayi maƙwabta, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka tambaye su ko tana da kyau, kowa zai ce ba laifi. Tambaye su: sau nawa ta yanke a watan jiya, kwana nawa aka yi kafin a gyara, kuma an mayar musu da kwanakin da suka yi asara?

Sai maganar wuta. Rauta ba ta cin wuta sosai, ƙaramin batir na musamman zai riƙe ta awanni bayan an ɗauke, kuma kuɗinsa ya kamata ya shiga lissafi tun farko. Intanet ɗin da ake biya na wata guda amma yana aiki ne kawai lokacin da aka kawo wuta, rabin kuɗinsa sadaka ce ga kamfani.

Wajen kuɗi, a haɗa na na'ura da na jawowa da na wata-wata, a raba da yawan watannin da za a zauna a gidan. Ga misali da alƙaluman da na ƙaga domin darasi. Kamfani na farko: rauta naira 30,000, wata 25,000. Na biyu: jawo fayiba naira 60,000, wata 22,000. A shekara, na farko ya kama 330,000, na biyu 324,000, fayiba ta fi araha. Amma idan wata shida ya rage ku gama, na farko 180,000 ne kuma ku tafi da rautarku, na biyu 192,000 kuma waya ta zauna a bangon mai gida. Ɗalibin jami'ar gwamnati yana da wani abin tunawa: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Tambayi kamfani ko ana iya dakatar da asusu ba tare da tara ba. Tambayi kuma ko rautar a kulle take, wato ba ta karɓar layin wani kamfani, da ko ragowar data tana tsallakawa zuwa wata mai zuwa, da ko za su riƙa cire kuɗi da kansu idan wata ya cika. Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya. A watan Janairu na 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100, don haka a bar ɗan sarari a kasafi.

Ko wane kamfani aka zaɓa, ina ba da shawarar a ajiye layi na biyu na wani kamfani daban a waya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da Main One da SAT-3, suka lalace a tekun da yake daura da Kwaddibuwa, intanet ya tsaya ko ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har bankuna suka shiga matsala, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Kamfanoni ba su ji jiki daidai ba, domin ba duka suka dogara da waya ɗaya ba.

Idan matsala ta taso, a fara kai ƙara wurin kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi a rubuta ta tare da kwanan wata, a ajiye hoton sakamakon gwaji da hoton tallan da aka gani kafin saye. Idan ba su yi komai ba, NCC tana da lambar kira kyauta, 622, kuma abin da za su fara tambaya shi ne wannan lambar ƙorafi.

Aikin gida

Ga wanda yake son ya gwada hannunsa, ya nemo tallan kamfanonin intanet guda biyar, na allo ko na rediyo ko na Facebook, zai fi kyau idan akwai na Hausa da na Ingilishi na kamfani ɗaya. Ya ja layi a ƙarƙashin kowace "har zuwa" da "daga" da "mara iyaka" da "kyauta", ya rubuta abin da jimlar ta ɗauki alkawari a gefe ɗaya, abin da mai sauraro zai ɗauka a ɗaya gefen. Sannan ya duba ko sharaɗin da yake ƙarƙashin ɗan tauraro a tallan Ingilishi ya tsallako zuwa na Hausa, ko kuwa ya faɗi a hanya wajen fassara. A tallan rediyo, ya auna da agogo daƙiƙa nawa aka ba alkawari, daƙiƙa nawa aka ba sharaɗi.